Kalmar Humility da Tawali'un Bahaushe

Gabatarwa

Akwai kalmomin da ɗalibi kan haddace tun kafin ya san ma'anarsu, ya yi ta amfani da su shekara da shekaru ba tare da ya taɓa tsayawa ya tambayi kansa abin da yake faɗa ba. Daga cikin irin waɗannan kalmomi a harshen Ingilishi akwai humble da 'yan ɗakinta, wato humbly da humility. Duk wanda ya bi ta makarantar boko a ƙasar nan ya gamu da su, domin da wuya a rubuta takardar neman aiki, ko ta neman ɗakin kwana, ko ta roƙon a sake duba sakamakon jarrabawa, ba a jefa ɗaya daga cikinsu a layin farko ba. In aka tambaye mu fassararsu kuwa, ba ma ɓata lokaci sai mu ce tawali'u ko ƙanƙan da kai, mu wuce abinmu. To amma shin abin da Bature yake nufi da kalmarsa shi ne abin da Bahaushe yake nufi da tasa? In kuwa da bambanci, mene ne ya biyo kalmar ta Ingilishi ya shigo cikin ɗabi'unmu ba mu ankara ba?

Waɗannan tambayoyi ne wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin amsawa. Abin da muke son nunawa shi ne, kalmar ta Ingilishi ta ƙunsa abubuwa biyu a buhu ɗaya, wato kyakkyawan halin zuciya da kuma ƙasƙancin matsayi, alhali kuwa Hausa ta ba kowannensu sunansa. Al'ummar da ta kasa rarrabe waɗannan abubuwa biyu takan wayi gari tana yabon fadanci da sunan tarbiyya, tana kuma zargin mai faɗin gaskiya da girman kai.

Asalin Kalmar

Saiwar kalmar tana cikin harshen Latin, harshen Rumawan dauri. A can humus na nufin ƙasa, wato turɓayar da ake takawa. Daga gare ta aka sami humilis, siffar duk abin da yake dab da ƙasa, kamar gajeriyar bukka ko tsiron da bai tashi ba, har da mutumin da ba shi da asali ko dukiya. A bakin Rumawan wancan zamani, in an siffanta mutum da wannan kalma, yawanci an rage masa daraja ne. Kalmar ta bi ta Faransanci ta shiga Ingilishi a ƙarni na 13 da na 14, cikin ɗimbin kalmomin da suka kwarara Ingila bayan da Normawa suka ci ƙasar da yaƙi a 1066. Daga wannan saiwa ɗin dai aka sami humiliation, wadda ke nufin wulaƙanci da cin mutunci. Ke nan a Ingilishi, tawali'u da wulaƙanci uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Wannan ne ya sa har yau kalmar humble take da fuska uku. Ta farko ta matsayi ce, kamar a ce mutum ya fito daga gida humble, wato gidan talakawa, ba tare da an ce komai game da halinsa ba, domin yana iya zama ɗan talaka kuma ya fi kowa ji da kai. Ta biyu ta hali ce, wato mutumin da ba ya ɗaga kansa bisa mutane. Ta uku kuwa aikatau ce, ma'anarta a kayar da mutum a karya masa alkadari, kamar yadda jaridu kan yi amfani da ita ga babbar ƙungiyar ƙwallon ƙafa da ƙaramar ƙungiya ta lallasa.

Akwai wani salon magana na Turawa da ke nuna yadda ma'anar matsayi ta manne wa kalmar. In mutum ya cika baki sannan ya zo yana ba da haƙuri dole, sukan ce ya ci humble pie. Asalin abincin kuwa wani gashi ne da ake yi da kayan cikin barewa, waɗanda ake kira umbles, kalmar da ba ta da dangantaka da humble ko kusa. Amma da yake an daɗe ana furta humble ba tare da harafin h ba, kuma ana ganin kayan ciki a matsayin abincin barori, sai kunnen jama'a ya haɗa su. Wato a tunanin mai magana, yin tawali'u da cin ragowar iyayengiji ba su da nisa da juna.

Jayayyar Masanan Turai

Su kansu masu kalmar ba su taɓa yin ittifaƙi a kan cewa wannan hali nagarta ne ba. Aristotal, masanin Girka da ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, bai sa shi cikin kyawawan halaye ba. Wanda ya yaba shi ne mutum mai babban rai, wanda ya cancanci manyan abubuwa kuma ya san ya cancance su. A gefe guda ya ajiye mai alfahari, wanda yake da'awar abin da bai kai ba, a ɗaya gefen kuma ya ajiye mai ƙaramin rai, wanda yake ɗaukar kansa ƙasa da inda yake. A ganinsa ma wannan na biyun ya fi muni kuma ya fi yawa, domin yakan janye jiki daga manyan ayyukan da zai iya, jama'a su yi asarar amfaninsa.

Addinin Kirista ne ya juya kalmar, ya ɗauke ta daga zagi ya mai da ita yabo. A ƙarni na 6, Benedict, wani waliyyin Kirista a ƙasar Italiya, ya tsara wa masu zaman zuhudu dokoki, ya lissafa musu matakai 12 na tawali'u, ya kwatanta su da tsanin da ake hawa ta hanyar sauka. Wannan fahimta ta yi ƙarnuka tana mulkin tunanin Turai, kafin masu suka su sake tasowa. A 1751 David Hume, masanin falsafa ɗan ƙasar Sikotilan, ya jera tawali'u cikin halayen 'yan zuhudu da ya ce ba su amfanar mai su ba su kuma amfanar al'umma, ya mai da su sahun munanan halaye. A 1887 kuma Bajamushen nan Friedrich Nietzsche ya kawo suka mafi zafi. Ya ce raunana ne da suka kasa ramawa suka sauya wa gazawarsu suna, suka kira tsoro tawali'u, suka kira dole biyayya, don su sami abin da za su yi taƙama da shi a kan masu ƙarfi.

Marubucin da ya fi kowa tona asirin kalmar shi ne Charles Dickens, a littafinsa David Copperfield da ya fito a 1850. A ciki akwai wani akawun lauya mai suna Uriah Heep, wanda ba ya buɗe baki sai ya tuna wa mai sauraro cewa shi ɗan tawali'u ne, yana murza hannu yana sunkuyar da kai, alhali a ɓoye yana saƙa makircin ƙwace dukiyar maigidansa. Musa a baki, Fir'auna a zuci ke nan. Sai dai abin da masu karatu da yawa kan manta shi ne, Dickens ya ba wannan mugu damar bayyana inda ya koyi halinsa. A makarantar sadaka ta 'ya'yan talakawa aka horar da shi ya cire hula ga wannan, ya rusuna wa wancan, ya san matsayinsa a gaban manya, har ya gane cewa sunkuyawa ita ce kaɗai hanyar samun abinci. Ashe al'ummar da ta tilasta wa yaro rusunawa ita ta ƙera munafukin da ya zo ya cuce ta.

Yadda Ta Iso Mana

A Ingila kalmar ta daɗe da zama adon takardun hukuma. A 1657, shekara 8 kacal bayan an fille wa Sarki Charles na Ɗaya kai, majalisar dokokin ƙasar ta miƙa wa Oliver Cromwell takardar da ta yi masa tayin gadon sarauta, kuma kalmar humble ce ta buɗe sunan takardar. Har gobe saƙon da majalisar kan aika wa mai sarautar Ingila da wannan kalma ake kiran sa, ko da yake kowa ya san a hannun majalisar iko yake. Haka kuma jami'in gwamnati a da yakan rufe wasiƙarsa da kiran kansa bara mai biyayya ga wanda ya rubuta wa, ko da kuwa talaka ne yake rubuta wa yana neman sa da haraji. Ke nan a can kalmar ta zama al'ada mai tafiya ta kowace fuska, babba ya faɗa wa ƙarami, ƙarami ya faɗa wa babba, ba wanda ya ɗauke ta da nauyi.

Bayan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, suka kuma haɗe Arewa da Kudu a 1914, akawunan ofisoshi da marubutan wasiƙa na bakin kotu da gidan waya suka gaji wannan salo, malaman makaranta suka koya wa ɗalibai. To amma a hannunmu sai kalmar ta zama mai tafiya ta fuska ɗaya. Mai nema shi ne zai rubuta cewa yana roƙo cikin tawali'u, amsar da za ta zo masa daga ofis kuwa, in ma ta zo, za ta soma ne da cewa an umurci wane ya sanar da shi kaza. Tsohon da ya yi wa gwamnati aiki shekara 35 yana neman fanshonsa cikin tawali'u. Ɗalibin da aka ɓatar wa takardar jarrabawa yana roƙon a nemo ta cikin tawali'u. Babu ɗaya daga cikinsu da yake neman alfarma, haƙƙinsu suke nema, amma harshen da aka koya musu ya sa sun tsaya a matsayin mabarata. Idan mutum ya shekara ashirin yana rubuta haka, da wuya abin bai sauka daga alƙalaminsa ya shiga zuciyarsa ba.

A 'yan shekarun nan kuma kalmar ta sake wani sabon juyi. A da, wanda aka kayar shi ake cewa an yi masa humbled. Yanzu kuwa wanda ya lashe zaɓe, ko aka naɗa shi minista, ko aka ba shi lambar yabo, shi ne zai fito ya shelanta wa duniya cewa shi humbled ne, ya haɗa da hotonsa yana karɓar kyautar. Abin ya yi yawa har wani marubucin barkwanci ɗan Amurka, Harris Wittels, ya yaɗa kalmar humblebrag a wajejen 2010, don siffanta alfaharin da aka yi wa lulluɓi da mayafin tawali'u. Kalmar da ta soma daga turɓaya ta koma tambarin da ake bugawa a ranar nasara.

Tawali'u da Maƙwabtansa a Hausa

Kalmar tawali'u ararriya ce daga Larabci, daga saiwar da ke nufin ajiyewa ko saukewa. Harafin Larabcin da ya zama l a cikinta shi ne ya zama l a alƙali da alwala da farilla da lamiri, abin da ke nuna cewa ta bi tsohuwar hanyar zaurukan malamai ta shigo. Ta zauna daram har ta zama ta kowa, domin masu fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fara fita cikakke a 1932, ita suka ɗauka, don haka Musulmi da Kirista masu jin Hausa duk da ita suke wa'azi. Ma'anar saiwar tana da muhimmanci ƙwarai. Ba a sauke kaya sai in akwai su a ka. Mai tawali'u shi ne wanda yake da abin da zai iya yin taƙama da shi, ilimi ko dukiya ko sarauta ko ƙarfi, amma ya ajiye shi da kansa, ba wanda ya ƙwace masa.

Kusa da ita akwai ƙanƙan da kai, wadda ta Hausa ce tsantsa, kishiyar girman kai, wanda Bahaushe ya kira rawanin tsiya. Sai kuma ƙasƙanci da ƙasƙantarwa, waɗanda kunne yake jin amon ƙasa a cikinsu kamar yadda Latin ta ji humus a cikin tata kalmar. Amma Bahaushe bai taɓa yabon ƙasƙanci ba. Ba a yi wa jariri addu'ar ya tashi ƙasƙantacce, ba a kuma ce wa amarya ta zauna da mijinta cikin ƙasƙanci. A nan ne Hausa ta fi Ingilishi fayyace zance, domin abin da Ingilishi ya bari a saiwa ɗaya, Hausa ta raba shi gida biyu, ɗaya abin nema, ɗaya abin neman tsari.

Akwai kuma kunya da ladabi, waɗanda ake yawan rikita su da tawali'u. A laccarsa a kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa halaye 10 da Bahaushe ke auna mutum da su, wato gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Kunya da ladabi suna ciki, tawali'u bai fito da sunansa ba. Muna ganin dalilin ba ya rasa nasaba da cewa su biyun ana ganin su da ido. Ladabi yana gwiwa da harshe, kunya tana ido da murya, shi kuwa tawali'u yana can inda ba mai leƙawa. Mutum yana iya durƙusawa har ƙasa zuciyarsa tana tsaye ƙiƙam. Maƙwabtanmu Yarbawa, waɗanda samarinsu kan kwanta rub da ciki don gaida babba, su ma suna da karin maganar da ke cewa kwanciyar gaisuwa ba ita ce hali ba.

Malaman Musulunci sun daɗe da shata wannan iyaka. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware littafi guda cikin Ihya'u Ulumiddin a kan aibin girman kai da jiji da kai, kuma a nan ya nuna cewa tawali'u tsaka-tsaki ne tsakanin ɓata biyu. Wanda ya wuce gona da iri ya zama mai takabburi, wanda ya gaza kuma ya zama mai zubar da mutuncin kansa, kuma dukansu abin zargi ne. Da wannan sai ya amsa damuwar Aristotal da ma'aunin Aristotal ɗin, domin mai ƙaramin ran da Bagirken ya soka, shi ma Gazali bai kira shi mai tawali'u ba. A hadisin da Muslim ya ruwaito, an tambayi Manzon Allah (SAW) ko son tufafi da takalma masu kyau girman kai ne, sai ya nuna cewa ba haka ba ne, ya mai da girman kai ga abu biyu, ƙin karɓar gaskiya da raina mutane. In haka ne, to tawali'u shi ne karɓar gaskiya ko daga bakin wa ta fito, da ganin darajar mutum ko wane ne shi. Babu yagaggiyar riga a cikin wannan ma'ana, babu kuma rawar murya.

Ƙasa a Ka

Tarihinmu ya san wani irin tawali'u da aka yi da turɓaya ta zahiri. Ibn Batuta, da ya ziyarci daular Mali a 1352 zamanin Mansa Sulaiman, ya ba da labarin yadda mutum kan zo gaban sarki cikin tsofaffin tufafi, ya ɗebi ƙasa ya watsa a kansa da bayansa. Ƙasar Hausa ma ta san wannan al'ada, wadda ake kira afi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rayu daga 1754 zuwa 1817, ya sa ta cikin miyagun al'adun mulki da ya soka. Abin lura a nan shi ne, malamin da ya shafe rayuwarsa yana kira zuwa ga zuhudu da tsarkake zuciya shi ne ya ƙi yarda mutum ya zuba ƙasa a kansa saboda wani mutum. Bai ga saɓani tsakanin abubuwan biyu ba, domin ya san ɗaya ibada ce, ɗaya kuwa ƙasƙanci.

A ƙarni na 20 mun ga irin wannan a rayuwar Malam Aminu Kano, wanda aka haifa a 1920 ya rasu a 1983. An san shi da sauƙin rayuwa, tufafinsa ba ƙawa, gidansa na Gwammaja, wanda yanzu ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Mambayya ƙarƙashin Jami'ar Bayero, a buɗe yake ga kowa. Amma shi ne kuma jagoran jam'iyyar NEPU da aka kafa a 1950, wadda babban saƙonta ga talaka shi ne ya ɗaga kansa, ya san yana da haƙƙi, ya daina rawar jiki a gaban mai mulki. Masu adawa da su sun kira wannan rashin kunya da fitsara. To amma da wuya a sami wanda zai ce Malam mai girman kai ne. Ya sauke nasa girman da kansa, ya kuma hana a ƙasƙantar da waɗanda ba su da girman da za su sauke. Zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara.

Wani Hanzari

Mai karatu yana iya cewa mun tsananta. Yana iya cewa kalmar humbly a wasiƙa ba ta wuce ranka ya daɗe ko Allah ya ba ka nasara ba, man shafawa ce da ke hana zaman tare yin ƙara, kuma ai Bahaushe da kansa ya ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Wannan hanzari yana da ƙarfi, kuma ba mu kira a watsar da ladabi ba. Al'ummar da yaro zai tsaya a kan dattijo hannu a aljihu yana kiran sunansa gatsal ba ita muke fata ba. Sai dai a duba karin maganar da kyau. Mai durƙusa wa wada dogo ne, da son ransa ya durƙusa, kuma in ya miƙe zai miƙe da tsawonsa. Karin maganar ba ta ce a taka wuyan wada a ce ya ƙara durƙusawa ba.

Saboda haka muna ganin akwai ma'auni uku da za a iya gwada kowane tawali'u da su. Na farko, a duba ko yana gangarawa ƙasa. Ma'aikacin da ke cire takalmi a ƙofar ofishin shugaba, ya fito ya daka wa masinja tsawa, lissafi yake yi, ya san inda riba take. Na biyu, a duba yadda mutum yake yi in an nuna masa kuskurensa, musamman in wanda ya nuna masa ɗin bai kai shi ba. Malamin da ɗalibi ya yi masa gyara a aji ya karɓa, ko aka tambaye shi ya ce bai sani ba sai ya bincika, ya fi mai sanyin murya wanda ba a isa a ce ya yi kuskure ba. Na uku, a duba ko wannan tawali'u yana rufe bakin mai shi a inda ake zalunci. In an danne wa marainiya gado, ko an kayar da ɗalibi saboda ya ƙi sayen takardun malami, mu kuwa muka yi shiru muka ce mu ba kowa ba ne, to tsoro ne muka sa wa rigar malamai, kuma zargin Nietzsche ya hau kanmu.

Abin da Ya Shafe Mu a Jami'a

Mu da muke karatu da koyarwa cikin jama'a masu harsuna da al'adu dabam-dabam, wannan batu yana taɓa mu kullum. An rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma gaskiya ne. Amma sau nawa ɗalibinmu ya san amsa ya ƙi ɗaga hannu don kada a ce ya cika iyayi? Sau nawa ɗalibarmu ta fi kowa maki a aji, aka zo zaɓen wakili ta noƙe? Sau nawa aka zauna tantance masu neman aiki ko tallafin karatu, aka tambayi ɗanmu abin da ya iya, ya sunkuyar da kai ya ce ɗan kaɗan ne, wanda bai kai shi ba ya buɗe baki ya tafi da gurbin? Masu tantancewar ba su ga tawali'u ba, sun ɗauki maganarsa ne a yadda ya faɗe ta. Asarar kuma ba ta tsaya kansa ba, ta shafi garin da zai yi wa aikin likita ko makarantar da zai koyar.

Idan tawali'u karɓar gaskiya ne, to ya haɗa da gaskiya game da kai. Wanda ya iya abu aka tambaye shi ya ce bai iya ba, ƙarya ya yi, ya kuma ɓoye baiwar da aka ba shi amana. Abin da tawali'u yake nema a gare shi shi ne ya faɗi iyakar abin da ya iya ba daɗi ba ragi, ya tuna da waɗanda suka koya masa, ya san gaba da gabanta, kada kuma ya ɗauka iyawarsa ta sa ya fi mai sharar ajin daraja a matsayin ɗan Adam. Haka nan wanda yake neman haƙƙinsa, ya nema da ladabi, ya gaida wanda ya kamata ya gaida, amma ya rubuta a sarari cewa haƙƙi yake nema.

Kammalawa

Mun ga cewa kalmar humility ta faro daga turɓaya, ta zama zagi a bakin Rumawa, ta zama yabo a bakin masu addini, ta zama adon wasiƙa a ofisoshin Ingila, ta iso mana ta zama harshen mai nema a gaban mai bayarwa. Mun kuma ga cewa Hausa tana da kayan aikin da za ta warware wannan cakuɗa, domin ta san tawali'u, ta san ladabi, ta san kunya, ta kuma san ƙasƙanci, ba ta ba ɗaya sunan ɗaya ba. Ya rage gare mu, masu nazarin harshen da masu rubutu da shi, mu kiyaye wannan rarrabewa a fassararmu da kuma zamanmu da mutane. Tawali'u ba a shelanta shi, domin malaman sufanci sun daɗe da lura cewa mai ganin kansa a matsayin mai tawali'u ya riga ya ɗora kansa a wani tudu da yake jin ya sauko daga kai. Ba a kuma karɓar sa da ƙarfi daga hannun wani, domin abin da aka karɓa da ƙarfi sunansa ƙasƙanci. Wanda ya fi cancanta a nema masa shi kuwa shi ne wanda ya fi kowa abin saukewa, wato mai ilimi da mai dukiya da mai riƙe da kujera. Mu da Allah ya nufa da shiga jami'a muna cikin waɗannan, ko muna kan hanyar shiga cikinsu, don haka kanmu ya kamata mu fara aunawa kafin mu nemi wani ya rusuna mana.